Kwana Biyun Kati da Kwana Biyun Goggo

Tun ranar da na sa hoton nan na Keana a wayata aka hana ni sakat. Kowa da tambayarsa iri ɗaya: wai katin yawon nan da ake sayarwa yana da amfani, ko zubar da kuɗi ne? Har wata da rabona da ita tun muna sakandare sai da ta nemo lambata don ta tambaya, ko gaisuwar kirki babu. Na gaji da maimaitawa. Ga shi nan na rubuta sau ɗaya, mai so ya karanta ya bar ni in sha ruwa.

Ga wanda bai san zancen ba, wasu samari ne a nan Lafia, sun gama makaranta aiki ya ƙi samuwa, sai suka samo wata bas mai ɗan dama-dama, suka buga kati mai sheƙi da igiyar ratayawa a wuya. Ka saya sau ɗaya, su ɗauke ka su zaga da kai wuraren kallo, ba ka ƙara biyan kuɗin mota ko na shiga ko'ina. Ranar farko cikin gari. Rana ta biyu a fita da ku har Keana, inda mata ke dafa gishiri. Da zarar an buga wa katin hatimi a ranar farko ya fara mutuwa ke nan, washegari da yamma ko ƙosai ba za a ƙunshe a ciki ba, tunda roba ne. Suka ce haka ake yi a manyan biranen duniya. To madalla, mu ma mun shiga sahu.

Ni dai Keana kawai nake so. Muna sakandare aka taɓa kai ajinmu can, ni kuwa zazzaɓi ya zaɓi wannan makon ya kwantar da ni. 'Yan ajin suka dawo kowa da ɗan ƙullin gishiri a leda, suka cika mini kunne har ƙarshen zango. Wadda muke zama benci ɗaya in tana ba da labarin sai ka ce daga aikin hajji ta dawo. Tun daga lokacin abin ya tsaya mini a rai. Kuma ba wai nisa gare shi ba, motoci na tashi daga tasha kullum. Sai dai a gidanmu yarinya ba ta shiga mota ta nufi garin da ba ta da kowa don kawai ta kalli abu. Biki dalili ne, suna dalili ne, rasuwa kuwa babban dalili. Kallo bai shiga lissafi ba. Duk sanda na ɗauko maganar, Mama sai ta ce in je in yi me. In ce in gani. Ta ce in ga me, gishiri? Ta nuna mini gwangwaninsa a kicin.

A shagon kayan waya nake aiki, caja da batir da gilashin fuska, kuma ogana bai san wata aba wai ita hutu ba. Rannan rufin shagon ya fara barazanar faɗo mana a ka, ya ce za a rufe Asabar da Lahadi a gyara kafin ruwa ya sauka, Litinin da safe kowa a bakin aiki. Ban tsaya shawara da kowa ba na je na sayi katin.

Baba na fara nuna wa, don na san lagonsa. Duk abin da ke da hatimi kuma aka lulluɓe shi da roba, Baba na ganin girmansa. Ya sa tabarau, ya juya gaba ya juya baya, ya tambaya ko na gwamnati ne. Na ce ai ga hatimi nan. Ya gyaɗa kai. Abin da na yi shekaru ina roƙo, ɗan guntun roba ya samo mini kafin shayinsa ya huce. Sai dai ya ƙara da sharaɗi: da Goggo za mu tafi. Ke nan sai na koma na sayi kati na biyu, daga aljihuna, don ba wanda ya ce zai taya ni.

Goggo yayar Baba ce. A Lafia aka haife ta, aure ya kai ta Kano tun ba a haife ni ba, a lokacin kuma tana gidanmu ta zo ganin gida. Duk wani tsoho a garin nan ta san shi, wanda ya mutu ma ta san inda ya bar iyalinsa. Na same ta bayan la'asar tana ɓarar agushi a tire, na zauna na yi mata bayani dalla-dalla, kamar yadda nake yi wa mai sayen caja. Na ce mota za ta ɗauke mu, ba za mu biya komai ba, kuma katin na kwana biyu ne. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Ashe da lokaci." Na ɗauka irin maganar tsofaffi ce da ba ta da gaba ba ta da baya, na tashi na tafi guga.

Asabar da safe muka isa inda bas ɗin ke tsayawa. A ciki akwai wasu masu bautar ƙasa da ba sa jin Hausa, da ango da amarya daga Akwanga suna riƙe da hannun juna kamar za a sace ɗaya, sai ɗaya daga cikin samarin da suka ƙirƙiro katin, shi ne mai bayani. Lasifika ya riƙo, a motar da ko raɗa ka yi na baya zai ji. Direban wani dattijo ne ɗan ƙabilar Eggon, Hausarsa ba ta raba mace da namiji. Yana ganin Goggo ya buɗe mata ƙofar gaba ya ce, "Mama, ka hau nan, baya akwai zafi." Goggo ta ce ki ake cewa. Ya ce to Mama, ka yi haƙuri. Kafin a tashi mota har ta gano cewa ta san marigayi mai gidan da ya taɓa haya a ciki, sun zama 'yan uwa. Mai lasifika ya bi mu ɗaya-ɗaya ya buga wa katunan hatimi.

Wurin kallo na farko shataletale ne. Wanda nake bi kullum da safe in zan je shago. Muka sauka muka tsaya muka kalle shi, shi ma ya kalle mu. Mai lasifika ya yi ta zuba Turanci a kan tarihinsa, masu bautar ƙasa suna ɗaukar hoto, 'yan Keke suna rage gudu suna leƙenmu ko haɗari aka yi. Daga nan kasuwar doya. Ina tafe da kati a wuya kamar baƙuwa daga ƙasar waje, mai bayani yana nuna mana doya yana faɗin sunanta, sai wata mai doya ta ƙwala mini kira daga rumfarta, wai 'yar shagon waya, cajar da na sayar mata ko wata ba ta yi ba ta mutu. Na ce mata yau ina hutu. Ta ce ita wayarta ba ta hutu. Amaryar Akwanga ta juya kai tana dariya a cikin mayafi. Sai injinan casar shinkafa, inda na biya kuɗin kati don ƙaiƙayi ya shiga mini ido, abin da iska ke kawo mini kyauta har ƙofar gida.

Abin da ya rage a ranar shi ne wani lambu mai lilo, an ce har biri suna da shi. A duk jerin shi kaɗai ne ake biyan kuɗin shiga, wato shi kaɗai ne wurin da katin zai yi wani aiki. Muna kan hanyar zuwa can Goggo ta dafa kafaɗar direba ta ce ya ɗan tsaya a bakin wancan lungun. Akwai wata da mijinta ya rasu bara, ba ta samu ta yi mata gaisuwa ba, kuma ba zai yiwu ta wuce ta ƙofar gidan a gaban mota kowa na ganinta ba. Mai lasifika ya fara cewa Hajiya ai akwai tsari. Goggo ta juyo ta tambaye shi ko ba shi da uwa ne. Ya kashe lasifikar. Ta ce yanzu za ta fito, ta ce in biyo ta.

Yanzun Goggo kowa a gidanmu ya san tsawonsa. Aka shimfiɗa tabarma, aka yi addu'a, aka faɗi yadda ciwon ya fara da asibitocin da aka je da abin da marigayin ya ci na ƙarshe. Na ji hon sau ɗaya, na ji na biyu, daga nan ban ƙara jin komai ba. A gidan ne aka gaya wa Goggo cewa maƙwabciya tana kwance ba lafiya, a gidan maƙwabciyar kuma aka ce jikar wane ta haihu, gida na uku daga nan. Duk inda muka shiga da katunanmu a wuya, sai an tsaya ana kallonmu. A gidan haihuwar wata mata ta ɗauka masu rigakafi ne, ta tattaro 'ya'yanta ta jera mini su, kowa ya buɗe baki. A Keke muka koma gida, ni na biya, da katin da aka ce ba zan ƙara biyan kuɗin mota ba yana lilo a ƙirjina. Birin kuwa har yau ban san kamanninsa ba.

Ban yi faɗa ba, don ba birin ya kawo ni ba. Amma da muka huta na durƙusa gaban Goggo na roƙe ta, na ce gobe Keana ce, don Allah don Annabi kada a tsaya ko'ina. Ta ce na cika gaggawa kamar wadda ake kora, Keana guduwa za ta yi? Mama ta harare ni daga bakin murhu.

Lahadi ni na fara shiryawa, na sa sabuwar atamfata. Goggo ta fito da wata babbar jaka, na leƙa na ga sabulu da goro da turmin atamfa a naɗe. Na tambaye ta na mene ne, ta ce ai ba a tafiya hannu rabbana. Mai hankali da ya gane tun a nan. Ni murna ta rufe mini ido, na ɗauka matan gishiri za ta kai wa.

Muka fita gari muka ɗauki hanyar Obi. Zafi tun da safe, mangwaro ya nuna a bakin hanya yara suna ta ɗaga shi a roba. Na zauna bakin taga ina kallon gonaki an fara sharewa, ina jin daɗin da na daɗe ban ji ba, har na manta da lasifikar da ke kuka a bayan kunnena. Muna shiga Obi na ga hannun Goggo ya ɗaga zai sauka a kafaɗar direba. Na san abin da ke tafe tun kafin ta buɗe baki. Aminiyarta ce tun ta ƙuruciya, a nan ta yi aure, rabonsu da juna har ta manta. Direba ya ce ai dama yana so ya zuba wa mota ruwa. Mai lasifika bai kawo zancen tsari ba, abin jiya ya isa darasi. Ya dai matso kusa da ni ya ce a hankali ba za su daɗe ba, rana na yi, kuma matan can in zafi ya tsananta suna tashi.

Muka shiga. Tsofaffin biyu suka rungume juna, suka yi kuka, suka yi dariya, suka zagi juna a kan wadda ta fi tsufa. Inna, haka na kira matar gidan, ta riƙe fuskata ta ce ga hancin kakata nan sak. Aka kawo tabarma, aka kawo ruwa, aka kawo kunu. Duk wannan ban karaya ba, ina tsugune a bakin tabarma da takalmina a ƙafa. Sai da na ga jikokin gidan sun tasa wani jan zakara a gaba suna zagaye rumbu da shi. Wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abin da hakan ke nufi. In aka kori zakara saboda baƙo, baƙon nan ba zai ga ƙofa ba sai bayan la'asar. Daga waje direba ya danna hon.

Na matsa kusa da Goggo na ce mota za ta tafi. Ta ce to ta tafi mana, Allah ya kiyaye hanya, mu je wani satin.

Na ce, "Goggo, yau katin zai mutu."

"Wane irin mutu? Ba ke kika ce na kwana biyu ba ne?"

"Kwana biyu, Goggo. Jiya da yau."

Ta ajiye ludayin kunu ta dube ni, ta dubi Inna. "Ji wata magana. A ina aka taɓa cewa kwana biyu ana nufin biyu?"

Inna ta goyi bayanta nan take. Ta ce ita ma da ta ga Goggo yanzu cewa ta yi kwana biyu, kuma shekarun da suka yi ba su haɗu ba sun aurar da 'ya'ya a ciki. Goggo ta ce in da gaske biyun suke nufi, da sai su ce yau da gobe, mutum ya san inda ya dosa. Wannan ai yaudara ce, a ce maka kwana biyu a zo a ƙirga maka da yatsa. Suka taru a kan samarin nan, wai yaran yanzu ba su iya Hausa ba, ba su kuma iya mutunci ba.

Ni kuwa na rasa wanda zan ji haushi. Goggon nan da ta sauka gidanmu cewa ta yi za ta yi mana kwana biyu. Daga zuwanta zuwa ranar, ta shuka barkono a bayan ɗakin Mama, ya fito, ya yi fure, har mun fara ci. Ina gani da idona, amma na je na ce mata kwana biyu na tashi na tafi guga.

Hon ya sake tashi, wannan karon mai tsawo. Na miƙe na ce to ni zan tafi, in mun dawo mu biya mu ɗauke ta. Tsakar gidan ta yi tsit, har zakaran ya samu ya numfasa. Goggo ta ce amana ƙaninta ya ba ta, ba za ta koma ta ce masa ta saki 'yarsa a mota da maza ta tafi yawo ba. Inna ta ce gaskiya ne, budurwa ba ta yawo ita kaɗai, garin da ba ta san kowa ba, in wani ya gan ta me zai je ya ce? In zauna in ci kaza. Har ta ce in ina son kallo, akwai sabon gidan mai da aka buɗe a bakin titi, jikarta sai ta raka ni.

Ina tsaye, hawaye na neman kunyata ni, ina tunanin shekara nawa rufin shagonmu zai ɗauka kafin ya sake lalacewa. Mai lasifika ya aiko a ce suna juya mota. A daidai nan surukar Inna ta fito daga ɗaki da kayan miya a tire, a kai da ledar gishiri irin na kanti, fari fat, wanda ake sayarwa a kowane lungu. Ban shirya maganar ba, haushi ne ya fitar da ita.

"Inna, da wannan za a dafa wa Goggo kaza? Ga Keana nan a bayanku?"

Inna ta ji kunya sosai. Ta hau rantsuwa cewa ita ba ta saba cin na kanti ba, na Keanan ne ya ƙare, kuma ba ta samu mai zuwa ba. Goggo ta karɓe, ta ce mahaifiyarsu har ta koma ga Allah ba ta taɓa sa wani gishiri a miya ba sai shi, wannan na leda ɗaci kawai gare shi. Ta ce in ta koma Kano ba ta kai shi tsaraba ba, da wane ido za ta kalli maƙwabta? Inna ta ce ai ko kuɗin mota ne sai a haɗa, matsalar wanda za a aika. Sai suka juyo tare suka kalle ni.

Yarinyar da ba ta isa ta je Keana kallo ba, ita ce dai aka ga ta isa ta je Keana aike. Motar ba ta canza ba, mazan cikinta suna nan, garin har yanzu ban san kowa a cikinsa ba. Amma ɗan aike ba ya laifi, ko bangon duniya aka tura shi. Goggo ta zazzage sabulu da goro a kan tabarma ta miƙo mini jakar. Inna ta kwance bakin zani. Wata maƙwabciya da ke sauraro ta kan katanga ta ce ita ma a sayo mata, ta kuma kira wata. Goggo da kanta ta raka ni har bakin mota tana ce mini in yi sauri kada in sa mutane jira, ta damƙa ni a hannun direba ta ce amana. Ya ce, "Mama, kar ka damu." Ɗaya daga masu bautar ƙasa ya tafa, amarya ta matsa mini wuri.

Daga Obi zuwa Keana ina ta maimaita saƙonni a kaina don kada na wata ya shiga na wata. Hayaƙi na fara hangowa kafin komai. Muka sauka muka taka kaɗan, sai ga fili, ƙasarsa ta yi fari-fari tana ƙyalli a rana, ko ciyawa babu. Tukwanen ƙasa a jere a kan duwatsu da itace, an cika su da ƙasar wurin an zuba ruwa, ruwan yana ɗiga ta ƙasa a hankali cikin wasu tukwanen. Can gefe ana dafa shi a manyan kwanoni, wuta na ci, mata suna ta kai da kawo da ɗaurin ƙirji, suna magana da yarensu na Alago suna dariya, ba wadda ta damu da mu. Wurin bai kai girman da 'yar bencinmu ta ba shi ba. Ko kusa. Iskar wurin kuma in ka lashi leɓenka sai ka ji gishiri.

Sauran suka bi mai lasifika yana karanta musu bayani daga waya. Ni na nufi inda ake awo da jakar Goggo, na shiga ciniki. Rabin zamana a Keana a tsugune na yi shi, ina cewa wannan na Inna ne, a ɗaure shi daban, wannan na ta kan katanga. Matar da nake saya a wurinta ta tambaye ni biki za a yi ne. Na ce a'a, yawon buɗe ido na zo. Ta kalli jakar ta kalle ni, ta faɗa wa ta kusa da ita wani abu da yarensu, suka kwashe da dariya. Wanda ke tire bai isa ba, sai ta tashi ta je ta kankaro daga kwanon da aka sauke yanzu, ta ɗebo kaɗan ta zuba mini a tafin hannu in ɗanɗana. Da ɗuminsa. Duk shekarun da na yi ina tunanin wurin nan ban taɓa kawo wa raina cewa gishiri na iya zama da ɗumi ba. Na tsaya riƙe da shi ina kallon ruwan nan na ɗiga, na daɗe a haka, ba wanda ya ce in yi sauri. Hoton da kuke ta tambaya a kai amaryar Akwanga ce ta ɗauka muna komawa mota. Abin da ke kaina ba ado ba ne, jakar Goggo ce.

To ga amsarku. In kai baƙo ne, ba ka da kowa a garin nan, ba wanda ya rasu bara da ake bin ka gaisuwarsa, saya, za ka ga doya ka ga biri ka koma gida. In a nan aka haife ka, rabin abin da ke katin kana wuce shi kullum a kan hanyar aiki, Keana kuwa kuɗin motar tasha ya isa ya kai ka ya dawo da kai har da canjin mangwaro. Ni abin da katin ya yi mini ɗaya ne, ya fitar da ni daga ƙofar gida, don Baba ba ya musu da hatimi. Daga Obi zuwa gaba ledar gishirin kanti ce ta kai ni. Na Goggo kuwa, an dai sayar wa tsohuwa kujerar gaba zuwa gidajen gaisuwa. Kuma duk wadda za ta tafi da babba, ta faɗi sunan ranakun da bakinta, ta sa a maimaita mata.

Da muka biyo ta Obi rana ta yi sanyi. An ci kaza an wanke hannu, tsofaffin suna kishingiɗe suna lissafa waɗanda suka mutu. Goggo ta kwance ƙulli ɗaya ta lasa, ta ce na zamaninsu ya fi wannan kaifi, kuma daga gani an cuce ni a awo. Ta ƙi tashi sai an raba wa kowa nasa a gabanta, direba na ta hon a waje. Surukar Inna ta miƙo mini kwano, an ajiye mini wuya da ƙafa ɗaya. Na ɗebi gishirin na barbaɗa a kai, na ci a tsaye.